Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamna da Majalisar Dokokin Jihar Kebbi: A Shata Mana Iyakar Ruwa Kafin Mu Ja Igiyar Harsashi

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu, da Mai Girma Kakakin Majalisar Dokoki tare da sauran wakilanmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, ni magini ne. Da kwaɓin ƙasa na fara tun ina yaro, ina jefa wa maigidana tubali yana bisa katanga yana cafewa, har zamani ya kawo mu ga bulo da siminti da rodi. Yau shekara talatin da ɗoriya ke nan ina cin abinci da cokalin gini a Birnin Kebbi da kewayenta. Aiki ya kai ni Argungu, ya kai ni Jega da Bunza, ya kai ni har Yawuri da Zuru. Ban yi karatu mai zurfi ba, ban kuma saba rubuta wa manya takarda ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani gida da na gina da hannuna ruwa ya rushe shi, alhali tun ranar da muka ja igiyar harsashinsa zuciyata ta gaya mini ruwa zai zo.

Mai gidan malamin firamare ne, ya shekara yana tara kuɗi ta hanyar adashi har ya sayi fili a gefen gari, a wata sabuwar shiyya da aka yanka da awon igiya. A watan Fabrairu ya kai ni in gani. Ƙasa ta bushe ƙayau, iska na tashi da ƙura, wanda bai sani ba zai rantse ruwa bai taɓa kwana a wurin ba. Amma na ga baƙar laka ta daddare kamar bayan kunkuru, na ga ɓawon katantanwa a warwatse, na ga jema ta yi tsiri-tsiri, kuma a jikin wata giginya akwai zanen da ruwa ya bari, ya kusa kai mini ƙugu. Na ce masa, "Malam, wannan wuri makwancin ruwa ne." Ya ce dillali ya rantse masa cewa ruwa ya daina zuwa nan tun da aka yi hanya, kuma mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki. Ya ce kuɗinsa sun riga sun shiga, ba shi da wasu. Ni kuma a lokacin ina da iyali, aiki ya yi wuya. Na gina.

Damina biyu gidan ya yi lafiya. A ta uku, cikin wani dare na watan Agusta, ruwa ya shiga ɗaki har gwiwa, ya kwana uku bai janye ba, bangon baya ya zauna. Allah ya tsare rayuka, amma ƙaramar 'yarsa ta karye a ƙafa, kuma har yau idan na gan ta tana tafiya tana ɗingishi sai in sunkuyar da kai. Ban rubuto don in wanke kaina ba, ina da nawa kason a laifin. Sai dai na daɗe ina tunanin abin da zai hana wannan ciniki tun farko. Maganata ta baki ce, ta dillali ma ta baki ce, mutum kuma ya fi son jin wadda ta dace da abin da ya riga ya biya. Da akwai wani turke na siminti a bakin filin nan, da tambarin gwamnati, yana nuna inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa, da malamin bai saya ba. Da ni ma na sami abin nuna masa da yatsa.

Wannan turke nake roƙo, ranka ya daɗe, da dokar da za ta tsaya a bayansa.

Allah ya ajiye jiharmu a inda ruwan wasu ke taruwa. Gulbin Rima da na Sakkwato suna haɗuwa su gangaro mana ta Augie da Argungu da Birnin Kebbi zuwa Bunza da Suru. Gulbin Zamfara ya biyo ta Jega ya zuba a ciki, Gulbin Ka ma haka, sannan duka su faɗa Kwara, wadda ta shigo Najeriya ta ƙasarmu, ta ratsa Bagudo da Shanga da Yawuri da Ngaski kafin ta shiga tafkin Kainji. A samanmu akwai madatsar Goronyo da ta Bakolori. Idan suka cika dole a buɗe, kuma ruwan da aka saki ba shi da wata hanya sai ta kanmu. Shi ya sa za ka ga gari bai sami ruwan sama na kirki ba kwana biyar, amma gulbi yana hawa cikin dare. Mun gani a watan Satumban 2010. Mun gani a 2012. A 2020 shinkafar da manoma suka ci bashi suka noma ta nutse gab da girbi, gadoji suka karye, garuruwa suka yanke. 2022 da 2024 ma ba su bar mu ba. Yaron da aka haifa a 2010 bai kai shekara ashirin ba, amma ya ga babbar ambaliya sau biyar. Abin da ke dawowa haka ya wuce a kira shi ba-zata.

Kakanninmu sun san wannan sarai. Duk wanda ya tsaya a tsohon garin Birnin Kebbi ya dubi fadama zai ga hikimar waɗanda suka zaɓi wurin: gida a tudu, gona a kwari. Ruwa ya zo ya kwanta a fadama ya bar taki ya tafi, mutane na kallonsa daga sama. Haka Argungu, haka yawancin tsofaffin garuruwan bakin gulbi. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991 gari ya yi ta kumbura, tudu ya cika, filinsa ya yi tsadar da talaka ba ya iya taɓawa, sai aka fara gangarawa. Gonar rani ta zama fuloti, hanyar da ruwa ke bi ta zama layi, kwarin da yara ke kamun kifi ya zama shiyya mai suna. Ba wanda ya gangara don sha'awa. Arha ce ta ja shi, kuma wannan arha a watan Agusta ake biyan cikonta.

Na tambayi waɗanda suka san doka, sun nuna mini cewa ikon gyara wannan yana hannunku. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma kalmar da ta yi amfani da ita amana ce: ya riƙe ta domin amfanin jama'a. Filayen birni gwamna ke ba da shaidar mallakarsu, na karkara kuma ƙaramar hukuma. A 1992 gwamnatin soja ta yi dokar tsara birane da yankuna, wadda ta ce kada a yi gini sai da izini. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. An kuma fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, amma sai jiha ta mayar da shi dokarta yake da haƙori. Ma'ana, babu wanda za mu jira daga Abuja. Muna da ma'aikatar filaye, muna da KUDA mai kula da bunƙasa birane, muna da KEBGIS mai taswirar filaye a kwamfuta. Kayan aiki suna nan.

Kuma kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne. A ƙasar Gwandu muke. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin mallakar ƙasa, ya yi bayanin harimi, wato filin da ake bari a kewayen rijiya da gulbi da gari, wanda ba ya halatta wani ya killace shi ya ce nasa ne domin jama'a na da haƙƙi a ciki. Malamanmu kullum suna karanta mana hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Wanda ya toshe hanyar ruwa ya juya shi gidan maƙwabcinsa ya cutar. Wanda ya sayar da makwancin ruwa ya ɓoye aibinsa ya yi algus, daidai da mai zuba tsakuwa a buhun gero. Idan Majalisa ta rubuta doka a kan wannan, za ta tarar limamai sun riga ta a kan mumbari.

Kowace shekara NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, na fitar da hasashen damina, NIHSA, hukumar nazarin ruwa da koguna ta ƙasa, na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, kuma sunan Kebbi ba ya ɓacewa a ciki. Muna ji a rediyo, muna godiya. Amma a ce maka "Argungu na cikin haɗari" bai gaya maka ko filin da kake shirin saya a Argungu yana ciki ba. Ƙaramar hukuma guda tana da tudu tana da kwari. Abin da mai saye ke buƙata shi ne layi a ƙasa. A tura safiyo da injiniyoyi su zagaya da rani, su tafi da tsofaffin shiyya da masunta da manoman fadama, domin su ne suka san inda ruwan 2010 ya tsaya da inda na 2020 ya kai. Shaidar tana nan a jikin masallatai da ginshiƙan gada da itatuwa. A haɗa ta da hotunan tauraron ɗan'adam na waɗannan shekaru, a kafa turaku masu fenti a kan iyakar, a rubuta shekara da tsawon ruwan a jiki da Hausa, da boko da ajami. A liƙa taswirar a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar uban ƙasa, yadda kowa zai duba ba tare da ya biya ko ya nemi alfarma ba.

Idan an shata, ƙasa za ta kasu da kanta. Akwai hanyar ruwa sosai, inda yake gudu da ƙarfi. Nan kada a ba kowa izinin gidan kwana, komai girmansa, a bar shi ga noma da kiwo da lambu da filin wasa. Akwai tudun da ruwa bai taɓa zuwa ba, wannan ba shi da magana. Wahalar tana tsakiya, inda ruwa ke zuwa shekara-shekara ko bayan 'yan shekaru ya kwanta ba gudu, kuma a nan ne dubban mutanenmu suke zaune yanzu. Ba za a iya kwashe su duka ba. Nan ne ake buƙatar izini mai sharaɗi, kuma a nan nake da abin faɗa daga sana'ata.

Abu na farko shi ne tsawon daɓe. A ganina kada daɓen ɗaki ya gaza ƙafa biyu sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa a wurin, kuma jami'i ya zo ya auna daga turken gwamnati kafin a ɗora bulon farko a kan harsashi. Wannan zuwa guda ya fi duk wata takarda amfani, domin bayan an kai linta babu gyara. Harsashin kansa a irin wannan ƙasa yana son kulawa. Baƙar lakar fadama tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe, sai ta riƙa ɗaga gini tana saukewa har bango ya tsage daga ƙasa zuwa taga. Dole a haƙa a wuce ta, ko a zuba kankare da rodi a ɗaure ginin ta ƙasa. Cikon da ake yi kuma ba a tifa goma a juye a baje a hau gini washegari. Jar ƙasa ake zubawa kaɗan-kaɗan, kamar inci shida, a yayyafa ruwa a daddaɓe, sannan a ƙara. Wanda ya tsallake wannan, daɓensa zai lotsa a damina ta biyu.

Ba na cikin masu raina ginin ƙasa. Ya fi sanyi, ya fi arha, kuma shi talaka ke iyawa. Amma ginin ƙasa ta ƙafa yake mutuwa: ruwa ya jiƙa gindinsa kwana biyu, sama ta yi masa nauyi, ya zauna gaba ɗaya, sau da yawa cikin dare mutane na barci. Dokar da za ta ce a daina ginin ƙasa ba za ta yi aiki ba. Wadda za ta ce a yi masa gindi na dutse ko bulo da siminti har ya wuce iyakar ruwa, sannan a ɗora ƙasa a sama, a fitar da indararo nesa da bango, wannan mutane za su iya bi, musamman idan gwamnati ta taimaka da simintin gindin. Buhunan da za su ɗaga ɗaki biyu ba su kai kuɗin katifa da shinkafa da kwanon rufin da ake rabawa bayan gida ya faɗi ba. Sai kuma bulon kansa. Akwai masu buga bulo da ke matse buhu guda ya fitar da kusan ninkin abin da ya kamata, bulon da za ka murƙushe da hannu. A tudu yana iya daɗewa a tsaye. A cikin ruwa narkewa yake kamar ƙanƙara. Wannan ma yana son mai duba shi.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba saboda kunya, wato masai. Idan ruwa ya shiga shiyya, ramin masai da sokawe su ne farkon cika, su tumbatsa, su haɗu da rijiyar da ake sha. Bayan ruwa ya janye sai amai da gudawa su biyo, su ɗauki yaran da ambaliyar ta bari. A fuloti mai ƙafa 50 da 100, inda kowa ya haƙa rijiyarsa da masansa, rijiyarka tana iya zama taku biyar daga masan maƙwabcinka, katanga kawai ta raba. Izinin gini a kwari ya kamata ya nuna inda kowanne zai zauna, a ɗaga bakin masai da na rijiya sama da iyakar ruwa, a yi musu murfi. Wayar lantarki da soket ma a ɗaga su sama.

Sai batun da ya fi haddasa faɗa tsakanin maƙwabta. Mai hali ya sayi fili a kwari, ya cika shi ya ɗaga, ya zagaye da katanga, ya shafe tsakar gida da siminti. Shi ya tsira. Ruwan da ke kwanciya a filinsa fa, ina ya tafi? Gidan na kusa da shi wanda ba shi da kuɗin ciko. A yi lissafi: rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, yana zubar da lita 5,000, wato duro 25. Fuloti guda da aka shafe duka da siminti yana tura sama da lita 20,000 waje a wannan daren. A ninka da gida ɗari biyu. Shi ya sa bai kamata a riƙa duba fili ɗaya-ɗaya ba. Kafin a yarda a yanka sabuwar shiyya, mai yankawa ya nuna inda ruwanta zai bi har ya isa gulbi, a fitar da filin lambatu da kwalbati tun kafin a sayar da fuloti na farko. Tun ran gini ran zane.

Kududdufai ma ina roƙo a sa su cikin doka da sunansu. Kakanninmu sun haƙa su ne don ɗibar ƙasar gini, amma sun zama randunan gari, su ke shanye ruwan farko kafin ya shiga gidaje. Yanzu ana cika su da shara shekara da shekaru, rana ɗaya a zuba jar ƙasa a kai a sayar. Gidan da aka gina a kan shara ba ya daina nitsewa, shiyyar da aka ƙwace wa kududdufi kuma ba ta daina cika. A ƙidaya waɗanda suka rage, a kafa musu iyaka, a yashe su, a killace saboda yara.

A kudancin jiha matsalar ta juya. A ƙasar Zuru da wasu sassan Yawuri, har da gefen tudun Dukku a nan Birnin Kebbi, gudun ruwa ne abin tsoro. Na ga inda mutum ya sare gindin tudu don ya sami fili shimfiɗaɗɗe, ya bar bangon ƙasa tsaye a bayan ɗakinsa ya fi shi tsawo, babu abin da ya tokare shi. Na ga inda aka yi katangar tokare ƙasa da bulo mai inci shida, babu rodi, babu ramukan da ruwa zai tsiyaye. Irin wannan katanga madatsa ce aka gina ba a sani ba. Ƙasar bayanta ta sha ruwa ta yi nauyi, rana ɗaya ta turo ta kan mutane. A gangare harsashi hawa-hawa ake yi kamar matakala, kowane mataki a kan ƙasa ta asali, ba a kan ciko ba. Katangar tokarewa tana son kankare da rodi ko dutse mai kauri, tsakuwa a bayanta, da ƙananan bututu a jikinta. A saman fili kuma a ja lambatu ya tare ruwan da ke gangarowa ya kai shi gefe. Duk yankan da ya wuce tsawon mutum, kada a yarda sai injiniya ya sa hannu. A kuma hana gini a leɓen kwazazzabo, domin kwazazzabo tafiya yake, kowace damina yana cin baya. Wanda ya bar taku goma yau, bayan shekara biyar zai buɗe ƙofa ya ga rami. Masu tifa da ke ɗibar yashi da marmara a gindin tudu da ƙarƙashin gada su ma a ware musu wurin ɗiba. Jema da muke saƙa zana da ita tana da saiwa mai zurfi, tana riƙe ƙasa, kuma shuka ta a gefen gangare ba ya cin kuɗi. Shirin ACReSAL da Bankin Duniya ke tallafawa a jihohin Arewa irin wannan aiki aka kawo shi ya yi.

Ranka ya daɗe, duk abin da na lissafa zai zama banza idan bai kai ga awon igiya ba. Mu faɗi gaskiya, yawancin gidajen da na gina a rayuwata ba su taɓa ganin takardar izini ba. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka, mai unguwa ya shaida, a biya la'ada, shi ke nan. Mutane na gudun ofis ne saboda suna ganin tsada da jeka-ka-dawo, kuma ana neman zanen da kuɗinsa ya kusa na ɗaki guda. Idan aka tsaurara doka aka bar wannan yadda yake, an ƙara korar talaka ne zuwa inda ba a ganinsa. A sauƙaƙa. A buga zanen gida mai ɗaki biyu da mai uku, na kwari daban na gangare daban, a ba da shi kyauta. Ƙaramin gida a duba masa abu uku ko huɗu da suka shafi rai, a ba shi amsa cikin kwanakin da doka ta ƙayyade. A jawo masarautunmu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, domin babu cinikin fili da ke wucewa ba da sanin mai unguwa ko hakimi ba. A ba kowannensu taswirar yankinsa, a kuma sa layi guda a takardar ciniki da ke cewa wannan fili yana cikin iyakar ruwa ko yana waje, mai sayarwa da dillali su sa hannu. Wanda ya yi ƙarya ya mayar da kuɗi ya biya asara. Dillali ya san filin da yake sayarwa fiye da kowa.

Ina kuma roƙon a yi adalci wajen rusau. Abin da ke ƙona zuciya shi ne a bar mutum ya haƙa, ya gina, ya rufa, ya tare da iyalinsa, sannan a zo da jan fenti. Wanda zai hana, ya hana a ranar harsashi. Kuma idan katafila za ta fito, ta fara da babban gini da ya zauna a kan hanyar ruwa kafin ta isa ɗakin gwauruwa. Idan mutane suka ga an taɓa na sama, na ƙasa da kansa zai matsa. Idan suka ga an tsallake shi, babu turken da zai hana su gini.

Waɗanda dole su tashi kuma, a tuna abin da ya faru lokacin Kainji. Da aka kammala madatsar a 1968, an tashi mutane sama da 40,000, cikinsu har da Gungawa da sauran mutanen ƙasar Yawuri, aka gina musu sababbin garuruwa. Dattawan can har yau suna ba da labarin abin da ke faruwa idan an raba mutum da gonarsa da mashigin jirginsa. Basarke ba zai zauna nesa da ruwa ba, manomin shinkafa ba zai yi tafiyar rabin yini zuwa fadamarsa ba. Ana yawan cewa mutanenmu na da taurin kai, an ba su wuri sun koma. Sau da yawa wurin da aka ba su fili ne fetal, babu rijiya, babu makaranta, babu takardar da ta ce nasu ne. A nemi tudu mafi kusa da sana'arsu, a kai ruwan sha da hanya tukuna, a ba su shaidar mallaka a hannu, a bar musu tsohon wurin su yi bukkar aiki da rani. Batun kuɗin wannan aiki kuwa, hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan da madatsun lantarki suka shafa, Kebbi na cikinta, kuma akwai kason kuɗin kula da muhalli da jiha ke samu daga tarayya. A kuma daidaita da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, yadda duk ranar da za a buɗe Goronyo ko Bakolori labari zai isa kunnen mai unguwa da ladan kafin ruwan ya iso.

Mu magina ma a sa mu a ciki. Mu ne muke wurin ranar da ake jan igiya, ba injiniya ba. A tara mu ta ƙungiyoyinmu a koya mana karanta turken nan da auna daɓe daga gare shi, a ba wanda ya koya shaida, a kuma hukunta wanda ya gina a inda aka hana. Da akwai wannan doka a wancan Fabrairu, da na ce wa malamin nan hannuna a ɗaure yake, da kuma ya je ya karɓo kuɗinsa.

Zanen da ruwan bara ya bari a jikin bangaye yana nan, amma kowace shafe da kowane fenti na goge shi, dattawan da suka ga manyan ambaliyoyin baya kuma suna raguwa. Aikin shata iyaka da rani ake yinsa, lokacin da mota ke iya shiga fadama. Ina roƙon a fara da Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yawuri a ranin nan, a sa kuɗinsa a kasafi, Majalisa kuma ta kira zaman jin ra'ayin jama'a ta gayyaci masunta da manoma da dillalai da magina. Idan an tashi zagayen, ni da abokan sana'ata a shirye muke mu bi safiyo mu nuna musu wuraren da muka sani, ba tare da an biya mu ba. Zan fara kai su gindin giginyar nan.

Allah ya ja zamaninku, ya ba ku ikon sauke amanar da ke wuyanku, ya tsare mana jiharmu.

Wassalam.

Naku,
Wani magini daga Birnin Kebbi